Tabo Uku a Ƙofar Motar Delbert

Ranar da tabo na uku ya bayyana a ƙofar motar, yayana Delbert ya rantse cewa bana babu shi babu farautar barewa da amininsa Orval. A garinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun suna samari, kaka ba ta taɓa wucewa ba su shiga daji tare ba.

Motar ce silar komai. Da Delbert ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, sai ya sayo a-kori-kura mai aiki da lantarki, shuɗiya, doguwa kamar rumbu. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, gurbin inji ma akwatin zuba kaya ne. Da dare yana sa mata caji, da safe ya goge ta da tsumman da ya fi tawul ɗin wankansa laushi.

Kowace Asabar mukan tafi babban kanti mu uku: shi, matarsa Marlys, da ni. Ba ya tsayawa kusa da ƙofa inda motoci ke gogayya. Can ƙarshen fili yake kai ta, gindin turken fitila, inda ko kare ba ya zuwa. Daga nan mu tako da ƙafa. Shi ya wuce wurin shan gahawa ya zauna da tsofaffin gari, har da Orval, ni in shiga kantin magani, Marlys ta yi cefane, ta tura keken kaya zuwa mota ita kaɗai.

Kuma kowace Asabar, in mun fito, sai mu tarar da tsohuwar motar Orval mai tsatsa a manne da tamu, alhali ga fili nan fetal.

"Dubi nan, Darlene!" in ji Delbert, ya durƙusa yana shafa ƙofar gefen Marlys. "Na uku ke nan. Filin nan zai ɗauki jirgin sama, amma tsohon banzan nan sai a jikina zai tsaya."

"Yaya, ai tsokanarka yake yi. Ka san halinsa."

"Tsokana da ƙarfe? Ƙofarsa ce ke dukan tawa."

Orval ya ƙaraso yana taunar tsinke, hularsa a karkace. "Me ya samu firjin naka kuma? Caji ya ƙare ne in ja ka?"

"Kai ne ka lotsa min ƙofa."

Orval ya dubi tabon, ya dubi Marlys da ke zaune a cikin mota, sannan ya ɗaga kafaɗa. "To, in ni ne, ni ne."

Ya shiga motarsa, ya bar mu cikin baƙin hayaƙi.

Delbert ya tuƙa mu gida. Da yamma na same shi a gareji yana fitar da kujerar farautar Orval daga cikin kayansa.

"Kafin ka raba zumunci," na ce, "ba motar nan tana da kyamarori ba?"

"Cin batir suke yi. Na kashe su."

"Ka kunna na wuni ɗaya. In ka kama shi da ido, ni da kaina zan kai masa kujerarsa."

Ya yi gunaguni, amma ya miƙo min wayarsa na kunna su. Ba mu gaya wa Marlys ba, don ya ce bakinta ba ya riƙe magana in ta haɗu da matar Orval a coci.

Asabar ta zagayo. Muka fito daga kanti, ga motar Orval a inda ta saba, ga sabon tabo ƙasa da hannun ƙofa, fentin har ya ɗaye. Marlys na ciki, ta ɗaura bel. Orval na jingine da motarsa.

"Kada ka motsa," Delbert ya ce masa. "Yau ƙaryarka ta ƙare. Zo ka ga kanka a talabijin."

"Wace talabijin?" Marlys ta tambaya da sauri.

Delbert ya hau, ya danna allon da ke gaban mota. Ni da Orval muka leƙo ta taga.

Hoto ya fito. Ga fili, ga rana. Can nesa ga Marlys tana turo keken kaya, ta kwantar da ƙirjinta a kan mariƙin. Ta yi 'yan taku ta tsaya. Ta sake yi ta tsaya. Ban taɓa lura da nisan wurin ba sai a allon nan. Da ta iso daf da mota, inda ƙasa ta ɗan gangara, gwiwarta ta dama ta lanƙwashe. Ta kai hannu ta dafa turken fitila, keken ya kuɓuce, ya gangaro ya daki ƙofar.

Sai ga Orval ya shigo hoton da ɗan gudunsa na tsofaffi. Ya buɗe tasa motar, ya zaunar da ita a kujerarsa mai ƙasa-ƙasa. Ya kwashe kayan ya zuba a akwatin gaba. Ya jira ta huta. Sannan ya ɗauko wani akwatin katako daga bayan motarsa, ya ajiye a ƙasa, ya riƙe mata hannu ta taka ta hau tamu. Ya mayar da akwatin ya rufe da buhu.



"Ashe fitar da kake yi kana cewa za ka duba kare..." Delbert ya fara, yana kallon Orval.

"Karen nan ya mutu tun bazara, Del. Kai ka taya ni haƙa ramin."

Delbert ya juya ga matarsa. "Tun yaushe?"

"Tun da sanyi ya fita," in ji Marlys tana murza zoben hannunta. "Ni na hana Orval faɗa. Shekara nawa kana yanko hoton motar nan kana liƙawa a firji? Na san ka. In ka ji ba na iya hawa, gobe za ka sayar da ita."

"Da kin bar ni na rabu da aminina saboda fenti?"

"Na ce masa zan gaya maka kafin farauta. Shi ya ce in bari ka ɗan ƙara kumbura, wai yana jin daɗin kallo."

Orval ya tofar da tsinkensa. "Fuskarka takan yi ja kamar tumatir. Ina zan samu wannan a kyauta?"

 Delbert ya sauko, ya zagaya bayan motar Orval, ya yaye buhun, ya ɗauko akwatin katakon yana jujjuya shi.

"Wa ya haɗa wannan? Ƙusoshin duk a karkace."

"Ba ta faɗi a kai ba, ko?"

"Ba ta faɗi ba," in ji Delbert. Sai ya hau tari, ya ce hayaƙin motar Orval ne. Motar kuwa a kashe take.

Cikin makon ya kai Marlys asibiti, ya sa aka ɗaura wa motar matakala mai saukowa da kanta in an buɗe ƙofa. Ranar Asabar ya wuce turken fitila ko kallo bai yi ba, ya kutsa har bakin kanti, ya tsaya tsakanin wata motar ɗaukar yara da tarin kekunan kaya. Na ga gumi a goshinsa, amma ya kashe mota, ya zagayo ya ba Marlys hannu.

Motar yaran na fita, sai ga Orval ya cusa tasa a gurbin. Ya turo ƙofa. Ƙwas!

Dukanmu muka daskare. Orval ya sunkuya ya duba.

"Wannan tabon kam ni na yi shi," ya ce.

Delbert ya rufe ido ya ja dogon numfashi. "Ranar farauta kai za ka zo da gahawa. Kuma a bayan mota za ka zauna, tare da barewar."