Haruffa Biyu da Tab

A ofishinmu duk abin da muka rubuta sai ya shiga wata manhaja mai riƙe tarihin aiki: wa ya canza me, yaushe, in kuma an yi ɓarna a koma baya. Da rubutaccen umarni ake yi mata magana, a wani baƙin allo. Injiniya, wanda ya riga mu duka zuwa wurin, shi ya ƙara mata umarnan kansa, na tura aiki ga abokan ciniki da na janye shi in ya ƙi. Sunayen da ya raɗa musu kuwa, Allah ya kyauta, kowanne dogo kamar layin gidan mai.

Umarnan manhajar na asali ba su da wahala: ka buga haruffa biyu, ka danna maɓallin Tab, ta ƙarasa maka. Na Injiniya ba ta san su ba, sai an loda mata wani ɗan fayil duk sanda aka buɗe allon. Fayil ɗin yana nan, shi ya rubuta abinsa, amma a kwamfutarsa kaɗai yake kwana.

Na taɓa roƙonsa. "Yallaɓai, don Allah a sa mana abin nan mu ma. Yatsuna sun gaji."

"Yi haƙuri," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Ana gyara shi."

Shekaru ana gyara shi. Kowa ya san dalili: so yake a riƙa nemansa. Da farko kuwa an neme shi. In aiki ya kama, sai mu zagaye teburinsa, ya gyara zama, ya taɓa haruffa biyu da Tab, umarni ya miƙe shi kaɗai, mu kuma mu ce sannu da ƙoƙari. Da muka gaji da cewa sannu, sai kowa ya koma yana buga sunayen nan harafi bayan harafi, yana kuskure, yana tsaki, yana sakewa. A haka suka zauna mana a ka ba don muna so ba.

Sai aka kawo sabuwar Manaja. Ta ce tana son ta gani da idonta me ya sa izinin ƙarshe na tura aiki yake hannun mutum ɗaya, in babu dalili za ta raba. Ranar da za ta duba kuwa, da safe Injiniya ya kifar da kofin shayi a kan kwamfutarsa, mai gyara ya duba ya ce sai dai a sayi wata.

"Ba komai, ranki ya daɗe," ya ce. "Ai abin a cikin kaina yake."

Ya ja kujerata ya zauna gaban kwamfutata. Ya buga haruffa biyu, ya danna Tab. Shiru. Ya sake dannawa, da ƙarfi, kamar maɓallin ne bai ji ba. Ya goge, ya sake buga haruffan nan biyu, yatsansa ya tsaya a iska. Zufa ta keto masa a wuya, ga na'urar sanyi tana aiki.

Mai gwada aikinmu ne ya fara faɗar sunan umarnin a hankali daga bayansa. Maƙwabciyata ta kama, ni ma na kama, kafin ka ce me duk ɗakin yana rerawa tare, har da gyara wa juna. Manaja ta dube mu, ta dube shi.

"To, a ɗauko fayil ɗin mana," ta ce. "Ai yana cikin tarihin aiki."

Ba ya ciki. Mutumin da ya koya mana kada a bar ko layi ɗaya a waje, bai taɓa saka nasa ba, don kada mu gani. Kafin azahar ta raba mana izinin tura aiki, mu duka.

Washegari ya zo ya tsaya gefen teburina, sabuwar kwamfuta a hammata. Wallahi ya ba ni tausayi.

"Ƙanwata," ya ce a hankali, "ko za ki sake rubuta mini ɗan fayil ɗin nan?"

"Ana gyara shi" ta zo har bakina. Na haɗiye ta, na jawo masa kujera.

"Zauna, Yallaɓai. Buga biyun da ka sani, ni zan faɗa maka na uku."