Motar Abba Mai Kan Barewa

Tun da ciwon mantuwa ya kama Umma, ta ƙi shiga kowace mota sai ta Abba. Abba kuwa ya rasu da daɗewa, motar ma a can ƙasar da ya yi aiki muka baro ta. Ga ƙafarta ta kumbura suntum, likita ya ce lallai a kawo ta. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, ni har da kuka. Ita dai ta riƙe hannun kujera ta ce, "Mai kan barewar zan jira."

Na karaɗe wuraren dillalan mota da sunan motar a bakina, kowa sai ya kalle ni kamar na yi yare. Raina ya ɓaci, na wuce garejin Kawu, ƙanin Umma, na zauna kan tsohuwar taya ina ta mita.

Ya saurare ni yana goge hannu da tsumma, sannan ya nuna wata ruwan toka a lungu.

"Ga ta can ai."

"Haba Kawu, wannan tambarin zobe ne a goshinta, ba kan barewa ba."

"Ke dai ɗiyata. Kamfani ɗaya, inji ɗaya, har kujerun. Can suka raɗa mata wancan sunan suka manna barewa, nan suka sake mata suna. Mai ita abokina ne, zai ba mu aro."

Duk hanya tunanin zoben nan nake. Har gyalena na shimfiɗa a kan bonet wai don in rufe shi, Kawu yana ta yi mini dariya.

Da muka isa gida, Umma ko kallon gaban motar ba ta yi ba. Ta sa yatsu ƙarƙashin mariƙin ƙofa ta ɗaga shi sama, yadda irin ƙofar take so. Ta zauna, hannunta ya tafi kai tsaye ƙasan kujera, ta matsar da ita baya. Da na rufe ƙofar ta ji ƙarar, sai ta lumshe ido. Tausayinta ya kama ni, na kasa tada motar.

Ta dubi kujerar direba, ta gan ni.

"Shi ina ya tsaya?"

Na ce, "Ya ce mu yi gaba, Umma."

"Halinsa ke nan," ta ce, ta jawo bel ɗin kujera da kanta. "To ja mu, amma a hankali. Ba ya son a wahalar masa da ita."