Muryar Lorne da Aka Kashe

Tsirkiya ta tsinke a hannun Lorne Kowalchuk ana tsakiyar gwajin sauti, ƙarfe uku na rana, a filin wasan ƙanƙara na Sudbury. Ya ɗaga yatsunsa daga jitarsa ta bas, wato jita mai kaurin amo. Amma kaurin sautin bas ɗin bai tsaya ba, ya ci gaba da dukan bango daga lasifikoki.

Ya tsaya yana kallon hannuwansa. Shekara talatin da ɗaya yana kaɗa wa ƙungiyar nan bas.

"Colette!" ya daka wa mai kula da sauti tsawa. "Wane ne ke kaɗa wannan?"

Ta kashe na'urar, ta kalli Murray, mawaƙin ƙungiyar. Murray ya ajiye kofin gahawarsa a kan akwati.

"Kai ne," in ji shi. "Faifanmu na biyu ne. Mun ciro kiɗanka daga ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun wasanmu na Winnipeg."

"Mako uku! Wasa goma sha ɗaya ina gumi a gaban jama'a kamar biri, wayar jitata ba ta zuwa ko'ina?"

"Kana jin kanka ta na'urar kunnenka ai. Jama'a ne kawai..."

"Rufe mini baki, munafuki! Ni na koya maka riƙe jita a garejin babanka. A motata muka kwana a Regina sanyi na neman kashe mu. Yau ni za ka mayar gunki?"

"Yatsunka sun ƙi, Lorne. Sanyin ƙashin nan ya cinye su. A Calgary sau huɗu ka bar mai ganga a baya. Me kake so in yi? In kore ka?"

"Ka faɗa mini! Baki gare ka, da shi kake ci."

Mai ganga ya sunkuyar da kai yana juya sandunansa. Ashe shi ma ya sani.

"Yau a mayar da wayata," in ji Lorne. "Su ji ni yadda nake."

Murray ya ce, "Mutum dubu huɗu suka sayi tikiti. Ba zan iya ba."

Lorne ya cire jitar daga wuyansa. Colette ta ja da baya, ta ɗauka zai maka ta da ƙasa. Sai ya jingina ta a tsakiyar dandamali, daidai inda yake tsayawa.

"To ga ta. Ku haska mata fitila, ba za ta ɓata muku komai ba."

Ya ɗauki rigarsa ya fita. Ba wanda ya biyo shi.

Yana tsaye a bakin titi yana jiran tasi zuwa tashar mota, sai ya ji sun sake tayar da waƙar daga farko. Ta bango sautin bas ɗin kaɗai ke fitowa, tsaf, ba tuntuɓe ko ɗaya. Tasi ta tsaya, direban ya yi masa hon. Lorne ya ɗaga masa hannu ya jira, sai da waƙar ta ƙare.