Gardamar Auduga a Zaman Makokin Rekiya

Tun da Hajiya Rekiya ta cika a wani asibiti a Guangzhou, mijinta Malam Abdulrasheed bai yi kuka ba, bai kuma faɗi inda za a binne ta ba. 'Ya'yansu da ke Kano suna son a kai ta gida. Limamin masallacin da Hausawa ke Juma'a kuwa ya ce zai nema mata wuri a maƙabartar Musulmin garin, in mijin ya amince. Shi ya kawo ta neman magani, shi ake jira, ita kuma tana ɗakin sanyi.

Alhaji Mahamadou, mutumin Maraɗi mai sarin takalma, ya ba da ofishinsa da ke titin Zhanxi Lu domin karɓar gaisuwa. Aka ture kwalaye gefe, aka shimfiɗa darduma. 'Yan kasuwa na shigowa su yi addu'a, su shafa, su koma ciniki. Malam yana cewa amin, yana kallon bango.

Bayan la'asar Alhaji Mahamadou ya ƙyafta wa Umar Faruƙ ido. Shi Umar Faruƙ ɗan kasuwa ne daga Kano, kuma Malam ya koya masa tarihi a sakandare. Sun lura tsohon bai ci ba, bai tanka ba, suka ga gara a jawo shi da abin da ya sani.

"Malam, raba ni da wannan ɗan bokon naka," in ji Alhaji Mahamadou. "Wai yaƙin basasar Amurka saboda bayi aka yi shi. Ni na ce auduga ce da kuɗin kwastan. Wa ka taɓa gani ya raba ƙasa don tausayi?"

"Ai ban ce tausayi ba, Alhaji. Cewa na yi 'yan Kudu sun ɓalle ne don kada a taɓa musu bayi."

"Ji Bakano zai gaya mini akwai abin da ya fi riba. Kai da ka hana lawban, ɗan Sin mai shagon nan, cin abincin rana jiya saboda ragin takalmi."

Aka ɗan yi dariya, aka dubi Malam. Ya gane abin da suke yi, bai ji haushi ba, bai kuma ji godiya ba. Bakinsa ne kawai ya buɗe, kamar yadda ya saba a gaban allo.

"Jihar Karolaina ta Kudu ce ta fara ficewa, a Disambar 1860," in ji shi. "Ta bayyana dalilinta da kanta: jihohin Arewa sun ƙi mayar mata da bayin da suka gudu. Misisifi ta biyo a Janairu, ta ce matsayinta da bauta abu ɗaya ne. Harajin shigo da kaya kuwa, a lokacin yana ƙasa ƙwarai. Sai bayan sun fita aka ɗaga shi."

"To ni ne na faɗi ke nan?"

"Ba ka faɗi duka ba, Alhaji. Dukiya suka kare, gaskiyarka. Sai dai dukiyar mutane ce, kusan miliyan huɗu. Ana jinginar da su a banki, ana rabon gadonsu tare da alfadarai. Wanda ya ce dukiya da wanda ya ce bauta, abu guda suke nunawa."

Malam ya mayar da idonsa bango. Ya ji muryarsa ta fita daidai, ba rawa, kamar ta wani.

Ana haka Sharif ya shigo da gumi. Shi ne mai tura wa yawancinsu kaya gida, ta jirgin ruwa daga tashar Huangpu ko ta sama, kuma tun safe yake yawo a kan batun gawar ba tare da an roƙe shi ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce,

"Baba, an dace. Akwai wuri a jirgin saman ƙarshen mako. Za a yi mata allurar hana lalacewa, a sa a akwatin ƙarfe, a liƙe. Na roƙi mutumina na kamfanin jirgin kada a ɗora komai a kai. Saura awo, don da kilo suke karɓa."

Hannunsa ya riga ya zaro alƙalamin maka daga aljihu, makar nan yake rubuta alama da ita a jikin kowane buhu.

"Wane suna za a sa na mai kaya? Naka, ko na wanda zai karɓa a Kano?"

Alhaji Mahamadou ya sunkuyar da kai. Sharif ya dubi hannunsa, ya mayar da makar aljihu a hankali.

"Baba, ka yafe ni. Sabo ne."

"Ba ka yi laifi ba. Allah ya saka maka da alheri."

Malam ya jira ya ji ko wani abu zai taso masa a ƙirji. Babu. Abin da ya gani kawai shi ne Rekiya a kan sikeli, wani yana karanta lamba. Ya juya ga tsohon ɗalibinsa.

"Umaru, kira liman. A nema mata wuri a nan. A samo matan da za su yi mata wanka."

"Malam, su Surayya fa?"

Surayya ce babbar 'yarsu. Ya karɓi waya ya kira ta da kansa, ya gaya mata a taƙaice. Ta fashe da kuka, tana cewa ko kabarin mahaifiyarsu ba za su sani ba. Ya riƙe wayar a kunne bai katse ta ba, har ta gaji don kanta.

"Haka ne," in ji shi. "Ni na yanke. Ku yi mata addu'a daga nan."