Kukan Sauro a Motar Suruki

A layin masu gyaran mota, ba mai kiran tsohon nan mai rewaya, wato gyaran wutar mota, da sunansa na gaskiya. Kunnen Zomo kowa ke ce masa, kuma ba a banza ba. A zamaninsa, mota na shigowa gareji zai karkata kai ya faɗi ciwonta tun direba bai kashe inji ba. A buɗe, a tarar haka ne. Sunan nan shi ne jarinsa, shi kaɗai kuma ya rage masa, don masu motoci sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa shagon Dogo, mutumin da shi ya koya wa riƙe filaya.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne kunnen ya fara cin amanarsa. Rurin inji yana ji, gudumar mai gyaran bodi yana ji, amma siririn sauti, ina! Matarsa ta sha ce masa, "Malam, wayarka tana ta kuka a aljihunka." Sai ya ce, "Na ji, ba na son ɗauka ne. Ke dai kin cika mita."

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata hantsi sai ga surukinsa ya faka mota a ƙofar shago, Auta, 'yar tsohon, tana zaune a gaba. Bayan gaisuwa surukin ya ce, "Baba, wani kuka sifikun nan ke yi, siriri kamar na sauro. In na taka totur ya ƙaru, in na saki ya ragu. Ko na rage muryar rediyo yana nan."

Tsoho ya shiga, ya kunna rediyo, ya taka totur. Ya ji mai karanta labarai, ya ji inji. Sauro kuwa ko ƙyas. Ta gefen ido ya ga Auta ta yamutsa fuska ta toshe kunne da yatsa, ya san kukan yana nan. Amma sai ya gyaɗa kai irin na manya.

"Na ji shi," in ji shi. "Ai wannan tsohon abokina ne. Wayar at ce."

"Wace ce kuma at, Baba?" Auta ta tambaya.

"Baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, don wuta ta sami hanyar komawa batir. In ta zauna kan tsatsa ko fenti, hanya ta toshe. Ita kuwa wuta ba ta da kunya, in ba ta sami ƙofar gidansu ba sai ta bi ta gidan maƙwabta. Shi ne take bi ta sifika da kukan altaneta, na'urar cajin batir, a bakinta."

Suka yi dariya, shi ma ya ɗan ji sanyi. Ilmin dai yana nan, ba inda ya je.

Ya zaro rediyon, ya lalubo baƙar wayar, ya kuwa same ta da 'yar tsatsa a gindin noti. Ya kankare wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya mayar, ya ɗaure tamau. Da a da ne, nan zai taka totur ya kasa kunne. In kukan bai tafi ba ya bi amfilifaya, na'urar ƙara sauti da ke cikin but a bayan mota, in ba nan ba ya koma kan wayar batir, har sai ya kamo ɓarawon. Yau kuwa abu ɗaya ya rage masa: ya buɗe baki ya tambaya, "Ya tafi?" Kalma biyu kacal. Amma Kunnen Zomo ya tambayi mijin 'yarsa ko mota na kuka? Wallahi gara ƙasa ta tsage ya shige.

Ya taka totur, ya ɗaga gira. "To, ka ji? Tsit."

Surukin ya dubi matarsa. Auta ta juya tana kallon titi.

"Tsit, Baba," in ji surukin. "Allah ya ƙara lafiya."

Daɗi ya kama tsoho har kunnensa. Suna tafiya ya leƙa wajen maƙwabcinsa mai faci, ya ɗaga murya yadda layi zai ji: "Yaran yanzu sai sun jona na'ura kafin su gane abin da muke ganewa da kunne!" Mai faci ya yi murmushi ya ci gaba da buga tayarsa.

Can tef ɗinsa na naɗe waya ya ƙare, ya nufi shagon kayan gyara ta lungun baya. Yana shan kwana ya tsaya cak. Ga motar surukinsa, ba ma a gaban shagon Dogo ba, a bayansa, an cusa ta tsakanin wata matacciyar bas da tulin tayoyi don kada a hango ta daga titi. But a buɗe, Dogo ya tsunduma ciki har kugu.

Tsoho ya raɓe jikin bas ɗin kamar ɓarawo, shi da ya girmi layin nan kaf. Ya ga Dogo ya kwance wayar at ta amfilifaya, ya nuna wa surukin fentin da ke ƙarƙashinta. Wurin da ya kamata ya duba ke nan! Dogo ya ce a taka, aka taka, Auta ta toshe kunne. Ya kankare fentin da irin riƙon samfefar da tsohon ya koya masa, ya ɗaure noti, ya ce a sake takawa. Auta ta sauke hannu a hankali, ta saki fuska, surukin ya daki sitiyari don murna.

Kunnen Zomo ya kasa kunne iya ƙarfinsa, har ya riƙe numfashi. Takun farko da na biyu duk ɗaya ne a wurinsa.

Muryar Dogo kuwa mai kauri ce, wannan ya ji ta sarai. "Don Allah kada ku gaya wa Oga. Aikin da ya yi a gaba tsaf yake. Dukkanmu a layin nan mun daɗe da sani, lallaɓa shi muke yi."

Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi, don zagi ana ramawa. Tausayi fa, da me za ka rama shi? Wato har mai faci da murmushinsa. Ya juya ba tef ba dalilinsa.

Ya tarar da wani baƙon direba yana jiransa a ƙofar shago, rediyon motarsa a kunne.

"Sannu, Baba. Sifikuna ne ke wani fito, aka ce in nemi Kunnen Zomo. Kai ne?"

Tsoho ya dubi motar, ya dubi filayar da ke kan benci. Ya ja kujerarsa ya zauna.

"Ba ya nan," ya ce. "Ka zagaya baya, ka tambayi Dogo."