Ranar da Kowa Ya Manta Sunansa

Wata uku Ousseina ta yi tana neman wanda zai duba kan mahaifinta. Malam Moumouni ya shekara goma sha tara yana aiki a wata gonar dabino a Samnu, can ƙasar Larabawa, ba a taɓa kama shi da sakaci ba sai bana. Sau biyu ya buɗe ruwa ya yi tafiyarsa, har albasar mai gona ta ruɓe. Ran nan kuma ya zo Sabha, ya tsaya a bakin rumfar da take sayar da abinci yana tambayar mutane ina ɗiyarsa, ga ta a gabansa riƙe da ludayi.

Sai ga labari cewa wata likita 'yar garin, Dakta Khaula, tana bincike kan mantuwa a tsakanin baƙi ma'aikata da suka haura hamsin. Za ta yi wa kowa tambayoyi, wanda ta ga alamar ciwo a tare da shi a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, a riƙa duba shi kyauta. Ousseina ta yi ta safa da marwa har Alhaji Abdulbaƙi, Bakano mai shagon kayan mota wanda Hausawan unguwar ke kai wa shawara, ya yarda a taru a bayan shagonsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ita za ta yi tafinta, don Larabci ya zauna a bakinta.

Abin da ba ta sani ba shi ne tun da safe Alhaji ya tara mutanen ya tuna musu dokar zaman baƙunta: duk mai takarda da biro da ya tambaye ka, to ka manta. Babu mai musun cewa dokar nan ta fid da mutane daga hannun 'yan sanda a kan hanya. Amma dattijon da ya kasa bambanta likita da ɗan sanda, tsoro ya riga ya cinye masa hankali, kuma ba abin yabo ba ne.

Attahirou, abokin aikin babanta, shi aka fara kira.

"Ta ce mene ne sunanka," in ji Ousseina.

"Na manta."

"Kawu Attahirou, sunanka fa aka ce!"

"Ke dai faɗa mata abin da na ce."

Likita ta ambaci abubuwa biyar, ta ce ya riƙe su za ta tambaye shi an jima: raƙumi, kujera, gishiri, tsani, hula. Da ta waiwayo, ya ce ko ɗaya bai makale ba. Wannan kuwa mutum ne da kan jero sunayen jikokinsa goma sha huɗu ba tare da ya ja numfashi ba. Na biyu ya ce bai san wane gari yake ba. Wani aka ba shi biro ya zana agogo, ya rantse bai san kamannin agogo ba, ga shi ɗaure a hannunsa. Ousseina tana ta fassarawa. Daga mutum na shida Dakta Khaula ta daina rubutu, sai kallonsu kawai take yi.

Malam Moumouni ne na ƙarshe. Shi ma Alhaji ya yi masa huɗubar, amma ta fice daga kansa tun kafin azahar. Ya gyara zama, ya faɗi sunansa har da na kakansa.

"Baba, ta ce wane gari ne nan?"

"Tanout mana," in ji shi. Garinsu ke nan na can gida.

"Wace shekara muke ciki?"

Ya murza hularsa. "Ai bana ne za a sa ki lakwal, ki fara boko."

Shekarar Ousseina talatin da huɗu. Ta fassara. Da aka tambaye shi abubuwa biyar ɗin, ya ce, "Waɗanne?" ya yi 'yar dariyar kunya. Daga bayan taron wani ya yi raɗa, "Kai, tsoho ya fi mu iyawa."

Dakta Khaula ta rufe takardunta. Ta ce aiki ya kawo ta, ba wasan yara ba. Mutum goma sha ɗaya, babu mai gaskiya ko ɗaya, na ƙarshen ma har da dariya yake mata. Za ta zubar da takardun gaba ɗaya, mako mai zuwa ta nufi garin Zighan.

Ousseina ta juya ga mutanen. "Wa ya kitsa wannan?"

"Ni ne," in ji Alhaji, yana jan carbi. "'Yar nan, rabin mutanen nan ba su da iƙama, takardar izinin zama. Kin san inda takardar nan za ta kwana?"

Ta ɗauko takarda ɗaya daga kan tebur ta nuna masa. "Duba, Alhaji. Ko suna ba ta rubutawa, lamba ce kawai."

"Lamba? Ai ta fi suna haɗari."

"Inna lillahi! Ku ƙarya kuke yi, shi kuwa da gaske yake. Kun lulluɓe mara lafiya da ƙaryarku, yanzu wa zai gane shi?"

Ta bi likita har bakin mota tana roƙo. Dakta Khaula ta ce ba ta ƙaryata ta ba, amma a tsarin binciken sai an ji daga wanda yake yini da mutum kullum. Ita Ousseina tana Sabha, shi yana Samnu. Abokan aikinsa kuwa, ga su can, ko sunansu ba su sani ba.

Ousseina ta dawo ta tsaya a kan Attahirou. "Kawu, tashi."

"Ni na riga na manta, ɗiyata. In na tuna yanzu ai na zama maƙaryaci."

"Da can me ka zama?"

Aka yi dariya, ban da Alhaji. Attahirou ya saci kallonsa, Alhaji ya girgiza kai.

"Shekara goma sha tara kuna cin kwano ɗaya," in ji ta. "Ran da ya ɓace a cikin gona, shurɗa, 'yan sandan nan, za ka kira su nemo shi, ko Alhaji?"

Attahirou ya dubi Malam Moumouni, wanda ke zaune yana ta murmushi, bai san a kansa ake yi ba. Ya yi tsaki, ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya nufi mota.

Ya faɗi sunansa da na gonar. Ya ce ruwan farko da Moumouni ya bari a buɗe ranar Talata ne, kwana huɗu kafin azumi, na biyu bayan ƙaramar salla. Ya ce akwai na uku da na huɗu da ya rufe da kansa bai gaya wa kowa ba. Ya ce tun bara Moumouni ya daina hawa dabino, don in ya kai sama sai ya rasa abin da ya kai shi. Sallar la'asar kuwa wani lokaci sau biyu yake yi. Ousseina ba ta taɓa jin waɗannan ba. Ta fassara su ɗaya bayan ɗaya, tana goge ido da bakin mayafi.

"Kuma raƙumi, kujera, gishiri, tsani, hula," in ji Attahirou a fusace. "Faɗa mata."

Dakta Khaula ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buɗe jaka. Ta sake zama da Malam Moumouni shi kaɗai kusan rabin awa, ta rubuta takarda ta ce a kawo shi asibiti ranar Litinin da safe. Ta gaya wa Ousseina kada ta sa ran warkewa, abin da za a iya shi ne a san ciwon, a san yadda za a zauna da shi.

"In aka zo kwasar mutane, kada wanda ya ce ban faɗa ba," in ji Alhaji.

Ousseina ta karɓi takardar likita. Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane, ta ce da Attahirou ya gaya wa mai gona cewa Baba ba zai koma Samnu a makon nan ba.