Ƙunar da Ke Haɓar Auta

An ɗauke Auta daga kan kantar sayar da kaya, an mayar da ita ɗakin ajiya, inda ba mai ganin fuskarta. Ranar Litinin aka yi haka a shagon kayan kwalliyar da take aiki, bayan ta dawo daga asibiti da ƙuna tun daga haɓa har kumatu.

Duk wata, da al'adarta ta gabato sai kuraje su feso mata a haɓa. Su yi ja, su yi zafi, jini na ɗaukewa su bushe. Ita ta saba. Mai shagon ce ba ta saba ba.

"Wa zai sayi man gyaran fata a hannun mai fuska kamar bayan kada?" ta ce da ita a gaban wata mai sayayya, safiyar ranar da abin ya faru. Matar ta yi dariya. Auta ma ta yi.

Da rana, mai haɗa mayukan shagon ta ja ta bayan labule, ta lakato wani farin mai daga roba marar suna.

"Ɓare fata yake yi. Shafa ki rufe da takunkumi, Anti mai shago ba za ta gani ba."

"Yaya, jini nake yi fa. Ko ruwan ɗumi ya taɓa fuskata sai in ji kamar yanka."

"Ta fuska jinin yake fita? Ke dai shafa."

Ta shafa a kan kurajen da ta matse da safe, ta ɗaura takunkumi, ta koma kanta. Da raɗaɗi ya taso ta ɗauka aiki man yake yi, ga ciwon mara ya raba mata hankali. Ba ta cire ba sai da aka tashi. Takunkumin ya taho da fata.

Likita ta ce a irin waɗannan kwanaki fatar wasu mata ba ta jure wahala. Da sabulu marar ƙarfi, ruwa, da ɗauke hannu, da kurajen sun wuce.

Mai shago ta ce ba da saninta ba. Mai haɗi ta ce kaɗan ta ce a shafa.

Yanzu ƙanwar mai haɗin ce ke tsaron kantar, wai kafin a gani. An gaya wa Auta tabon na gushewa za ta koma wurinta. Likita ba ta ce zai gushe ba. Cewa ta yi sai sabuwar fata ta fito.